Ja Uku a Falon Mukhtar

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren gidan Mukhtar ba. Na yi ƙoƙari, abin ya ƙi. Ko ni na manta ma, akwai mata bakwai da za su tuna mini, kuma ba su gajiya.

Ni mahaƙin rijiya ne, ko in ce da can. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani shi ne dagi da guga da igiya. Tun da injin burtsatse ya cika gari aikinmu ya mutu, yanzu gadin wani kango nake yi a Dei-Dei (mai shi ya kai ginin linta ya tsaya, ni da ƙadangaru muke tsaronsa). Mutane suna cewa ba ni da magana. Gaskiya ne. Wanda ya daɗe a ƙasan rami ya san kowace kalma numfashi take ci.

Mukhtar ɗan wana ne, Yaya Ilu. Yana da shekara uku ubansa ya rasu a cikin rijiya, a wani ƙauye bayan Kwali, inda muka zo cin rani mu biyu. Ni na koma gida da labarin. Na gaya wa uwarsa gefen rijiya ne ya rufta. Da yaron ya girma ya tambaye ni, na maimaita masa haka. Ƙarya ce. Rijiyar nan ko tsakuwa ɗaya ba ta zubo ba. Na faɗi wannan tun yanzu don ku san kayan da ke kaina lokacin da na shiga falon nan.

Kawunsa ne ya riƙe shi a Kaduna, ya sa shi makaranta, har ya samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati a nan Abuja. Ni ban neme shi ba. Shi ya nemo ni. Wata Asabar ya zo kangon da motarsa, ya durƙusa a kan yashi da farin wandonsa, ya ce, "Baffa." Matata ta rasu ba mu samu haihuwa ba. Duk faɗin duniya mutum ɗaya ne ya rage da yake kirana da sunan dangi, shi ne kuma wanda na fi yi wa ƙarya.

Tun daga nan kowace Asabar sai ya zo. Ya kawo shinkafa, ya kawo maganin gwiwa, ya zauna a kan bulo yana tambaya. Yaya ubansa yake tafiya? Yana da faɗa? Me yake so a abinci? Ina ba shi amsa a gutsure, kamar mai rabon goro a lokacin tsada. Da aurensa ya tashi ya ce, "Baffa, kai za ka karɓa mini."

Na ce, "Kawunka fa?"

Ya ce, "Kawu kawu ne. Kai ne ƙanin ubana."

Ya ɗinka mini babbar riga ta shadda mai ruwan sararin sama. Tun da aka haife ni ban taɓa sa irinta ba.

Ɗaurin aure Asabar ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauke ni zuwa sabon gidan da ya kama a Kubwa, hawa na biyu. Dalili biyu ne: in gwada rigar, sannan ya buɗe wa gwaggonnin amarya ƙofa su yi jere. Muna isa suka bugo waya cewa go-sulo ya riƙe su da motar kaya a babban titi. Sai zaman jira. Mu uku ne: ni, da shi, da babban abokinsa Bulus, wanda suke ofis ɗaya.

Bulus ya rusuna ya ce, "Sannu Baba. Mukhtar ta ba ni labarinka sosai." (Hausar Bulus ba ta raba mace da namiji, amma ta fi Turancina nesa ba kusa ba.) Na tambaye shi garinsu, ya ce Kwali. Na sunkuyar da kai ina gyara hannun riga.

Falon babu komai sai darduma da wata ƙatuwar talabijin. Ba a kafa ta a bango ba tukuna, domin matan ne za su zaɓi bangon. An ɗora ta a kan ɗan teburin roba, a gefenta ga wani baƙin akwati na wasa. Ku riƙe wannan teburin a zuciya. Ni ban riƙe ba.

Na sa rigar. Suka ce ta yi. Bulus ya ce na zama minista. Na zauna a ƙasa a miƙe kamar an saka mini sanda a baya, ina tsoron kada in murje gugar rigar. Su kuwa suka kunna wasansu.

Ban taɓa ganin duniya irin wannan ba. Komai bulo ne. Ƙasa bulo, itace bulo, tunkiya mai kusurwa huɗu, rana ma mai kusurwa huɗu. Mutum ɗaya ne a ciki, ba a ganin fuskarsa sai hannunsa riƙe da diga. Ya sari itace, ya gina ɗaki, ya haƙa rami ya nemo ƙarfe, dare ya yi dodanni su fito su neme shi. Aikin kenan, kada ka mutu. Abin da ya ba ni haushi shi ne mutumin yana haƙa ba ya fitar da ƙasa. Ba guga, ba mai ja a sama. Dutse guda yake sawa a aljihu ya ci gaba da tafiya. Na ce a raina, da haka aikin yake da yanzu ina da gida a Maitama.

Mukhtar ya nuna mini garin da ya gina a ciki. Shekara biyu yana yi, in ji shi. Ga gona, ga masallaci, ga gada. A tsakiyar garin kuma ga rijiya, ya yi mata baki da dutse, har da gwafa biyu da sanda a gicciye, yadda na taɓa kwatanta masa muna yi. Ya ce ta nan yake sauka ƙarƙashin ƙasa.

A nan gardamarsu ta tashi. Ashe tsohuwa ce, mako uku suna yi. Wai an yi wa wasan wani sabon ƙari: in ka yi nisa a ƙasa sai hazo ya sauko, ba ka ganin gabanka sai taku kaɗan. Ana iya kunna shi, ana iya kashewa. Bulus ne ya kunna.

Mukhtar ya ce, "Wannan abu ya ɓata wasa. Da, in na shiga kogo ina ganin ƙarshensa. In ga inda ƙarfe yake, in ga tafkin wuta tun daga nesa. Yanzu mutum yana tafiya kamar makaho."

Bulus ya ce, "Shi ne daɗin ai. In ba tsoro, ba gem. Kai kana so ka shiga rami kamar ka shiga ofishin darakta, ga wuta ga sanyi."

"Sau biyu ina faɗawa wuta saboda hazonka."

"Don ba ka iya ba ne, oga. Ka tafi a hankali, ka saurara da kunne, ka sa fitila. Hazo tana koya maka hankali."

"Ni ba hankali na zo koya ba. Na wuni ina koyon hankali a ofis." Mukhtar ya kafe ido a kan talabijin. Sai ya ce, "Ni ƙasan nake so in gani. Don me za a rufe mini?"

Bulus ya yi dariya, bai ji abin da na ji a maganar ba. Sai ya juyo gare ni. "Ga alƙali a zaune muna ta surutu. Baba, kai ka shiga ƙasa na gaske. Akwai hazo ko babu?"

Da na yi shiru kamar yadda na saba, da yanzu ba na ba ku wannan labari. Amma rigar ce. Wallahi shadda tana da wani abu da take sa wa mutum. Na ji ni babba ne, mai ilimin da 'yan boko biyu ba su da shi. Na gyara murya na ce, "Babu hazo a rami. Na sauka gaba ashirin, na sauka talatin. Duhu ne kawai da zafi. Wannan tsoron yara ne."

Mukhtar ya tafa hannu. "Ka ji ko?"

Bulus ya ce, "To a ba Baba ta gwada. In ba ta ji tsoro ba na yarda, a kashe."

Na ce ba na wasa. Suka nace. Mukhtar yana dariya irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba, haƙoransa na gaba da 'yar wushirya, sak ta Ilu. Ya ce, "Baffa, sauka rijiyata sau ɗaya. Ka ga ko na haƙa daidai." Wa zai ce a'a?

Suka miƙo mini hannun wasan, abin nan da ake riƙewa ana dannawa. Cajinsa ya ƙare, don haka an haɗa shi da akwatin da wata doguwar baƙar waya. Ta kwanta a kan cinyata. Ban san lokacin da na naɗa ta a wuyan hannuna sau biyu ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba. Mahaƙi ba ya ganin igiya ya bar ta a sake.

Da farko abin dariya ne. Na doki tunkiya. Na shiga bango na kasa fita. Na ɗaga kai sama na tsaya ina kallon rana kamar kaza ta sha ruwa. Suna ta ƙyaƙyatawa, ni ma har na murmusa. Da yatsuna suka ɗan gane, Mukhtar ya kai ni bakin rijiya, ya nuna mini tsani, na fara sauka.

Ya haƙa daidai, ba zan hana shi ba. Miƙe take sambal. Ƙasa ta ƙare, dutse ya fara. Hasken sama yana raguwa. Na isa inda tsanin ya tsaya, wani kogo ya buɗe a gabana.

Mukhtar ya ce, "Baffa, danna nan ka kafa fitila a bango kafin ka ci gaba."

Na ce, "Bar fitila, na san rami."

Kalmomin sun fita kafin in ji su. Shekara ashirin da biyar ban faɗe su ba.

Bari in gaya muku yadda aikinmu yake. Tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa ba a faɗa mata kai tsaye. Ana buɗe ta ta sha iska. Sannan a kunna fitila a sa a guga a zura har ƙasa. In harshen wutar ya tsaya, ka sauka. In ya ƙanƙance ko ya mutu, akwai muguwar iska a ciki, sai a ɗaure ganye a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har iskar ta sake. Na biyu, ba ka kwance igiyar ƙugunka. Na uku, maganar igiya: ja ɗaya, sako guga. Ja biyu, ɗauke ƙasa. Ja uku, fito da ni. Wannan shi ne dukan karatuna a duniya, kuma a rana ɗaya na faɗi biyu daga ciki.

Ranar nan a ƙauyen bayan Kwali an kira mu yasar wata tsohuwar rijiya. Fitilarmu ba kalanzir. Ilu ya ce zai shiga gari ya samo. Ranar kasuwa ce, kuma akwai wata 'yar rediyo da na gani a makon baya, ina so mu gama da wuri in je kafin wani ya ɗauka. Rediyo. Ku ji dalili. Na ce masa, "Bar fitila, na san rami." Ya zage ni, ya riƙe igiya, na sauka. Da na isa ƙasa igiyar tana harɗe mini ƙafa, na kwance ta.

To a cikin wasan na taka gaba, sai hazon ya zo.

Na ce wa yaran babu hazo a rami. A rami babu shi, wannan gaskiya ne. A ido yake. Muguwar iska ba ta da launi, ba ta da wari, ido ne ke fara ba ka labari. Gefe da gefe ya yi toka-toka. Bangon da hannunka ke taɓawa ya yi nisa. Tokar ta riƙa matsowa tsakiya a hankali, ba gaggawa, har abin da kake gani ya rage kamar bakin ludayi. Ban san wanda ya yi hazon wasan nan ba, ban san ƙasarsu ba. Amma haka yake. Haka ɗin yake, ba ƙari ba ragi. Bulon da ke nesa suka ɓace, na kusa suka dusashe, ga wani sauti daga talabijin kamar ruwa na ɗiga a wani wuri da ba ka gani.

Na san ina falo. Wani ɓangare na kaina ya sani. Ina jin Bulus yana cewa, "Ka gani, Baba ta yi shiru." Amma ƙirjina bai sani ba. Ya kulle. Na ja numfashi bai shiga ba. Sai hannuna ya nemi igiya, ya kuma same ta a naɗe inda ya ajiye ta.

Na ja ɗaya. Akwatin wasan ya zamo daga teburin.

Na ja biyu. Wayar da ta haɗa shi da talabijin ta miƙe.

A daidai nan ƙofa ta buɗe. Gwaggonnin amarya sun iso, su bakwai, da turaren wuta da kwalla a ka, babbarsu a gaba ta riga ta ɗora hannu a hanci ta fara guɗa.

Na ja uku. Mahaƙi ba ya ja na uku da wasa, da dukan jiki ake yi. Teburin roba ya tuntsure, talabijin ta taho da fuskarta ta daki ƙasa, ni kuma na faɗi ta baya, ƙafafu a sama, babbar riga ta rufe mini kai. Daga cikin shaddar nan, in ji waɗanda suka ji, wani dattijo yana ihu da muryar da ba tasa ba: "Ilu, ja. Na kwance, Ilu. Kada ka sauko, ba mu sa fitila ba."

Guɗar ta yanke a tsakiya. Ban taɓa jin guɗa ta mutu haka ba, kamar an take wuyan zakara.

Lokacin da na yaye rigar daga fuskata, mata bakwai suna tsaye a kaina. Hulata tana can bakin ƙofa kusa da ƙafar wata. Wandona ya tattare har gwiwa. Fuskata jage-jage, ban san na yi kuka ba. Babbar gwaggon ta dube ni, ta dubi talabijin, ta dubi Mukhtar, ta ce a hankali, "Ango, wannan ne waliyyin?"

Wata a baya ta ce, "Ko iska ce? A kawo ruwa a yi masa tofi."

Bulus, Allah ya saka masa, ya ce, "Hajiya, ba komai, gem ne kawai. Baba ta ci mu duka." Ba wanda ya yi dariya.

Mutane in kunya ta kama su sukan ce ina ma ƙasa ta tsage su shige. Ni na san abin da ke cikinta, ko wannan mafakar ba ni da ita.

Amma ba matan ne suka dame ni ba. Mukhtar ne. Bai kalli talabijin ba ko sau ɗaya. Ni yake kallo. Ya durƙusa ya warware wayar daga wuyan hannuna, zagaye biyu, ta bar shaida a fata. Ya miƙa wa gwaggon makulli, ya ba su haƙuri da ladabi, ya kama ni muka sauka. A bayan gidan akwai inda aka ɗora tankin ruwa. A inuwarsa muka tsaya.

Ya ce, "Baffa, ka ce gefe ne ya rufta."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ake cewa. Nawa na haƙa shi da kyau, ya kai shekara ashirin da biyar, amma ga ƙarshensa. Na gaya masa. Kalanzir, rediyo, igiyar da na kwance. Yadda na ja uku hannuna ya saki, Ilu ya jawo igiya ba kowa. Yadda ya kira mutum biyu daga gona ya damƙa musu igiyar, ya sauko, ya ɗaure ni, aka fito da ni. Yadda aka mayar da igiyar aka tsaya ana jira. Ba ja ɗaya, balle uku.

Ban yi minti biyar ina magana ba. Abin da na ɓoye tsawon rayuwarsa bai kai tsawon alwala ba.

Ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga daga tankin. Daga sama muna jin matan suna jan gado, har wata ta sake gwada guɗa. Can ya ce, "Inna ta mutu tana cewa ƙasa ce ta ci shi."

Na ce, "Na sani."

Ya juya ya tafi wajen motarsa. Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. Na cire rigar, na ninke ta yadda na iya, na ba Bulus. Na hau bas zuwa Dei-Dei da tsohuwar taguwata.

Da safe na share kangon, na yi wanka, na zauna a kan bulona. Na riga na yanke wa kaina hukunci: kawunsa zai karɓi auren, kuma daidai ne. Abin da nake tunani kawai shi ne Asabar. Yau Asabar ce, ta gaba ma Asabar ce, kuma ba motar da za ta sake tsayawa a bakin wannan kango.

Wajen ƙarfe tara ta tsaya.

Yana cikin fararen kayan angonci, idonsa ja. Bai durƙusa ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Tambaya ɗaya. Da ya sauko, kana ji?"

Na ce, "Kaɗan."

"Ya ambace ni?"

Kun ga, ga ƙofa a buɗe. Ba mai shaida. Mutum biyu ne a ramin nan, ɗaya ya rasu. Da na ce ya ce a kula masa da Mukhtar, da ya tafi ɗaurin aurensa da abin riƙewa a zuciya, ni kuma na samu shiga. Harshena har ya ɗauko ƙaryar. Ta fi ta farko kyau ma.

Na ce, "A'a. Ba numfashin yin haka. Magana ɗaya ya yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ɗaga hannunka, jaki."

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, kuma kukan ne, amma da dariya a ciki. Ya share fuska da hannun rigarsa mai tsada. Ya ce, "Inna ta ce ni ma haka yake ce mini in zai sa mini riga."

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa sani ba.

Ya dubi agogonsa. Ya ce, "Rigarka tana mota. An sake goge ta."

A masallaci na zauna gaban liman. Aka ce waliyyin ango ya nema. Na ce ina nema wa ɗana Mukhtar aure. A kan kalmar "ɗana" muryata ta maƙale, liman ya ce bai ji ba, in sake. Na sake. Wani dattijo daga dangin amarya ya ce shi ma bai ji ba. Sau uku na faɗa kafin aka shafa Fatiha.

Bai ce ya yafe ba. Ban tambaya ba. Yana zuwa har yanzu, amma ba kowace Asabar ba. Bayan biki ya ce in kai shi ƙauyen. Na kai shi. Na nuna masa kabarin, na nuna masa rijiyar. Tana nan, ana sha. Ya leƙa ciki ya daɗe, ni na tsaya nesa.

A dangin amarya kuwa sunana ya bi ni. Baffa Ja-uku. Ranar sunan 'yar Mukhtar ta fari, ina shiga falon babbar gwaggon ta ce, "A riƙe talabijin, ga Baffa nan." Sabuwar a bango take, da ƙusa huɗu. An ce saboda ni ne aka ƙara biyu.

A ranar ne Bulus ya matso kusa da ni da farantin shinkafa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, har yau ba ka yanke hukunci ba. Hazo ta gyara wasa ko ta ɓata?"

Na ce, "Kai da ba ka taɓa sauka ba, bar shi a kunne. Zai koya maka kafa fitila. Mukhtar kuwa, wanda ubansa yake ƙasa, a kashe masa. Ya ga abin da yake so ya gani."

Ya ce wannan ba hukunci ba ne, raba gardama ne. Na ce shi nake da shi.

Darasin da na koya, ban da wanda ya kamata in koya tun ina saurayi, ba shi da yawa. Kada ka bari shadda ta yi magana a madadinka. In kuma aka miƙo maka wani abu mai igiya, ko a rami ko a falon surukai, kafin ka ja, ka duba wa ke ɗaure a ɗaya bakin.